Wayar Sahura a Akwatin Esta

Sahura dai da hannunta ta miƙa wa Esta wayar. Mako uku ya rage a yi jarrabawa a makarantar koyon aikin jinya ta Dogon Dutsi, ita kuwa ta san halinta, in ta kama waya sai rana ta faɗi. Ta sa Esta, ƙawar ɗakinta, ta kashe ta, ta kulle a akwati, ta kuma rantse ba za ta ba ta ba ko da kuka ta zo. Abu ɗaya ya ɗan tsaya mata a rai: yayanta Tukur da ke karatu a Khartum ita kaɗai yake kira, ita ke aika wa Inna labarinsa a Sukukutane. Ta ce mako uku ai ba shekara ba ne.

Daga nan duniyarta ta koma sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. Ko rediyo ba ta saurara.

Amma fa mutane suka canza mata. Ta je sayen gawayi wurin Malam Issa, tana isowa ya rage muryar rediyonsa, ya ƙara mata gawayin da ba ta saya ba. Malam Issa da ko toka ba ya kyauta! A aji, 'yan mata na hira, ta shigo su yi tsit. Wata malama ta dafa kafaɗarta ta ce, "Kina da ƙarfin hali, ɗiyata."

Ƙarfin halin me? Ranta ya ɓaci, zargi ya cika ta. Ko an ce ta saci amsa ne? Ko Esta ta kunna wayar tana karanta wa mutane asirinta? Ta shiga lura da Esta, yadda take kallonta ta kawar da kai, yadda sau biyu ta ce, "Ki karɓi wayarki mana," alhali ita ce mai rantsuwa. Sahura ta ce a ranta, wato so take in faɗi. Ta ƙi karɓa.

Ranar Laraba da hantsi kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Inna ce ta sauko, ƙafafu duk rairayi, matar da ba ta zuwa Dutsi sai ciwo ya yi tsanani. Ko ruwa ba ta karɓa ba.

"Mi yayanki ya ce miki?"

"A kan mi, Inna?"

Inna ta dube ta kamar baƙuwa. "Yaƙi akai can Khartum, kwana goma sha biyu. Mu da muke daji mun jiya a rediyo. Ina ta jiran aikenki."

Esta ta rufe baki. "Wayyo Sahura, mun zaci kin sani! Mun ce dauriya ce kike yi, shi ya sa ba mu taɓa miki zancen ba."

Babu wanda ya ɓoye mata komai. Kunya da tsoro suka kama ta lokaci guda, ta sa Esta ta fito da wayar, ta kunna ta. Saƙon muryar Tukur goma sha huɗu suka shigo a jere. Na ƙarshen ya kwana tara.

Inna ta zauna a bakin katifa ta gyara mayafi.

"Sa mini na hwarin," ta ce. "Kar ki kai ni na ƙarshe tukuna."