Ciyaman Ɗin Farfaru

Ranar kasuwar Jibiya labarin ya iske Rabi'a, tana dama wa direbobin Maraɗi fura a bakin iyaka. Wani mai lodin hatsi ya ce ya ji a rediyo, majalisar jiha ta amince da gyaran tsarin mulki.

Ludayi ya faɗi daga hannunta. Maharazu, mijinta, ya ƙarar da ƙarfinsa kan maganar nan. Duk zaman jin ra'ayin jama'a sai ya tafi Katsina neman a ba yankinsu na Farfaru ƙaramar hukuma, har 'yan teburin mai shayi suka laƙaba masa Ciyaman, suna sara masa in ya wuce. A hanyar dawowa daga irin wannan zaman mota ta kife da shi.

Rabi'a ba ta tambayi kowa ba. Ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, ta rabar da furar sadaka. Sannan ta taka har teburin mai shayin, inda ba ta taɓa tsayawa ba.

"Ina masu dariya? To, ga maganar Ciyaman ta tabbata. Ku sake sara masa mana!"

Yusha'u, ƙanen mijinta, ya ajiye kofinsa ya jawo ta gefe.

"Yaya Rabi, don Allah mu tafi gida."

"In tafi ina? Yau ranar yayanka ce."

"Ba namu ba ne. 'Yan kurakurai suka gyara a kundin, inda wani sashe ya ci karo da wani. Ko sunan Farfaru ba a ambata ba."

Ta juya ta dube su. Da sun yi dariya da ya fi mata sauƙi. Amma tsohon da ya fi kowa tsokanar Maharazu sai ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya jiƙan shi, Rabi. Mutumin kirki ne." Sauran suka amsa da amin, a hankali, kamar masu lallashin mara lafiya.

Ta ɗauki ƙwaryarta wayam ta tafi. Tana son ta wanke sunansa, sai ga shi ta ƙara masa abin faɗi.

Har yau tana kai fura tasha. Sai dai kullum ta bayan garejin manyan motoci take zagawa, ta cikin baƙin mai da tsoffin tayoyi, don kada 'yan teburin mai shayin su gaishe ta.