Ramin da Baba Ya Haƙa

Shekara goma sha huɗu Dang Yanni ta yi tana ɗaga 'yar tuta a gaban baƙi 'yan yawon buɗe ido a birnin Xi'an, kuma hanyarta ɗaya ce. Da safe ta gangara da su ƙarƙashin ƙasa su ga ramukan da ke kewaye da kushewar sarki, can hayin kogin Wei, bayan abincin rana kuma ta hau da su ganuwa su kalli gari daga sama. Ta shigar da masu ciwon gwiwa, ta shigar da masu tsoron duhu, har da wani da ya kelaya mata amai a kan gilashi. Mutum ɗaya ne ya gagare ta, shi ne ubanta, wanda da hannunsa aka haƙa ramin.

Uban nata, Dang Manku, manomi ne. Da masana suka zo ƙauyensu neman 'yan ƙwadago, shekara talatin da 'yan kai ke nan, rani shida ya yi a durƙushe da burushi da tsinken gora yana tono 'yan aladun yumɓu ɗaya bayan ɗaya. Tun da aka rufe wurin da gilashi aka sa fitilu bai sake takawa ba. Kullum sai an gama shuka, sai an gama girbi. Wata takwas da suka wuce likita ya ja Yanni gefe ya faɗa mata gaskiya: idon hagu ya tafi, na dama na bin sa, in akwai abin da ake so tsohon ya gani to a nuna masa bana.

Bana kuwa shekararsa saba'in da uku, shekarar da tsoho ba ya faɗa da bakinsa, don an ce ita da tamanin da huɗu mutuwa a bakin ƙofa take kwana. Tun sabuwar shekara Mama ta ɗaura masa jar ɗamara, ta sa masa jar safa, ta bi gida-gida tana cewa saba'in da huɗu gare shi. Ba ya zuwa jana'iza, ba ya zuwa dubiya. Rami kuwa, ko a waya Yanni ta ambata sai ta ji ƙit, Mama ta kashe. Wata takwas ana wannan jan igiya, har dai Yanni ta gaji ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta shirga wa iyayenta ƙarya. Ta ce akwai kujera biyu a motar baƙinta, ganuwa kawai za a je.

Baƙin ranar mutum ashirin da biyu ne, tsofaffin ma'aikatan wata masaƙa da suka yi ritaya, kowa da jar hula da gorar shayi. Mama ta zauna a kujerar gaba da ƙunshin gurasa da barkono a cinya, sai ka ce a birni ba a sayar da abinci. Lafiya lau ake tafiya har motar ta hau gada.

"Ke Yanni," in ji Mama, "wannan ba kogin Wei ba ne?"

"Shi ne, Mama."

"Yaushe aka ɗauke ganuwa aka kawo ta hayin kogi?"

Yanni ta yi kunnen uwar shegu, ta ci gaba da karanta wa baƙi shekarun sarki. Mama ta ɗaure bakin ƙunshinta tamau, abin da Yanni ta sani tun tana yarinya ya fi faɗa muni. Baba yana jingine da taga.

A bakin ƙofa ta raba wa kowa abin saƙalawa a kunne, ta maƙala abin maganarta a wuyan riga, ta tattara katunan shaida don tsofaffi kyauta suke shiga. Ma'aikaciyar tagar tikiti ta juya katin Baba, wanda ya koɗe saboda zufar aljihu.

"Wannan fa? Shekararsa nawa?"

"Saba'in da uku," in ji Yanni, hankalinta na kan agogo.

Abin maganar a kunne yake. Kunnuwa ashirin da biyu suka ji, tar, kamar a cikin kansu ta faɗa. Da ta waiwayo sai ta ga jajayen huluna sun tsaya cak, kowa ya zuba wa Baba ido kamar yanzu zai yanke jiki ya faɗi.

Gwaggo Lu ce ta fara. Ita ce shugabar tafiyar, gajeruwa mai murya kamar injin da ta yi wa aiki shekara talatin.

"'Yar nan, ubanki ne? Uban da ya haife ki? Kika faɗi shekararsa a bakin kabari?"

"Gwaggo, ba kabari ba ne. Sarki yana can ƙarƙashin tudun nan, ba wanda ya buɗe shi. Nan rumbuna ne kawai, hatsi ne da tukwane da dabbobin yumɓu."

"Wa aka ajiye wa hatsin?"

"Sarki."

"Da ransa ko bayan ya mutu?"

Aka bushe da dariya. Mama ta samu 'yan uwa, nan take ta miƙe kamar an zuba wa shuka ruwa.

"Ku faɗa mata, bayin Allah! Wai ta yi karatu. Mun sayar da alkama mun kai ta makaranta, ga abin da ta koyo, tura ubanta rami."

"Mijin ƙanwata ma haka," in ji Gwaggo Lu. "Yana saba'in da uku ya je rakiyar gawa, bai ga tuffar kaka ba."

"Me ya kashe shi?" in ji Yanni.

"Mota."

"To motar a kabarin take?"

"Ji bakinta! Yaran yanzu ke nan."

Wani tsoho mai haƙorin azurfa ya ce a tofa yawu sau uku maganar ta koma. Wata ta ce a'a, tun da an riga an faɗa sai dai a ci taliya doguwa don tsawon rai. Wani kuma, da shi ma shekararsa ba ta rasa nasaba da abin, ya sulale ya koma bayan layi. Yanni ta dubi agogo. Minti goma sha biyu ya rage lokacin shigarsu ya wuce, a bayansu ga wata mota ta zube 'yan makaranta. Haushi ya turnuƙe ta. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa ƙwace mata baƙi, yau uwarta ta ƙwace su da ƙunshin gurasa a hannu.

Ta ratsa su ta je wurin Baba, wanda ya tsuguna a gindin bishiya yana juya taba a yatsa bai kunna ba.

"Baba, kai nake tambaya, ba Mama ba. Rani shida ka yi a ramin nan. Kullum sai na wuce ta kan aikinka ina nuna wa baƙi, kai ba ka gani ba. Baɗi da wane ido za ka gan shi? Ka san abin da likita ya ce."

"Ke!" in ji Mama. "Rufe min baki a gaban mutane."

"Ba zan rufe ba. Ke kika tsare shi a gida kamar kaza, da jar safa, da ƙaryar shekara. In ya makance bai gani ba, alhakin a wuyanki yake."

Maganar ta fi ƙarfin wurin. Ko Gwaggo Lu sai da ta sunkuyar da kai. Fuskar Mama ta yi fari fat. Sai Baba ya maƙale tabar a bayan kunne, ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Bar uwarki," ya ce. "Mu je."

Yanni ta ji daɗi, ba za a ɓoye ba. Da kanta ta durƙusa ta zura masa ledar da ake sa wa takalmi kafin a taka gilashi, ta ɗaga tuta ta shige gaba kamar wadda ta ci yaƙi. Mama ta bi su, Baba ya dafa kafaɗarta suna gangarawa.

Ciki da sanyi da duhu-duhu, don haske mai ƙarfi yana cinye launin kayan. Gilashi ne a ƙarƙashin ƙafa, ramuka dogaye a ƙasa. Baƙin da ɗazu suke wa'azi suka manta da komai, suna ta tafiya a ɗosane suna ihu kamar gilashin zai fashe. Yanni ta wuce sojojin yumɓu, ta wuce keken doki, ba ta tsaya bayanin da ta saba ba, sai da ta kai rami na ƙarshe.

"Jama'a, ku matso. Wannan ramin, mutumin da ya tono abin da ke cikinsa da hannunsa, ga shi nan a tsaye. Ubana ne."

Aka ɗauki tafi, mai haƙorin azurfa har da jinjina. Baba ya saki kafaɗar Mama, ya yi taku biyu, ya sunkuya ya dafa gwiwoyinsa yana duban ƙasa. Ya daɗe a haka.

"Ga su nan," ya ce da ƙarfi, yana nuna tsakanin ƙafafunsa. "'Yan aladuna. Yadda na bar su a jere, haka suke."

Yanni ta dubi inda yake nunawa. Babu alade ko ɗaya a wurin. Jar ƙasa ce fetal da bakin wata fasasshiyar tukunya. Aladun suna can gaba, taku huɗu, ɗari da wani abu, a jere ƙarƙashin fitila.

Kafin wani ya ankara Mama ta cafki hannun rigarsa.

"Matsa mana, tsoho, ka tare wa mutane hanya," ta ce da faɗa, ta ja shi taku huɗu ta tsayar da shi daidai kansu. Ba ta dubi Yanni ba.

Yadda aka fito, da yadda aka ci abinci, da yadda motar ta koma gari, Yanni ba ta iya tunawa. Bakinta dai ya yi aikinsa. A ƙofar kudu aka hau ganuwa, rana tar, baƙi suka watse, wasu neman keken haya, wasu hoto. Mama ta zaunar da Baba a kan benci ta ba shi gurasa, sannan ta tako inda Yanni take. Wannan karon Yanni ta duba abin maganarta sau biyu ta tabbatar a kashe yake.

"Tun yaushe?" in ji Yanni.

"Tun kafin sabuwar shekara. Da rana yana ganin inuwar mutum. In wuri ya yi duhu, shi ke nan."

"Me ya sa ba ku faɗa min ba?"

"Shi ya hana. Ya ce kin ɗora rai a kan abin nan, gara ki yi ta jin haushina da ki san an makara." Mama ta gyara ɗaurin ƙunshinta. "Shekarar ma ina tsoronta, kada ki ce ƙarya na yi. Amma da yana gani, da ni zan kawo shi a goye."

"Mama, abin da na faɗa ɗazu..."

"Kin faɗa, an ji. Je ki, ga masu hulunanki can suna neman faɗawa ƙasa."

Gaskiya ne, Gwaggo Lu ta haye wani dutse tana ƙwala mata kira, wai a zo a ɗauke su hoto da Hasumiyar Ƙararrawa a baya, kuma kowa ya fito, kuma kada motoci su fito. Yanni ta ɗaga mata hannu ta jira. Ta je ta zauna kusa da Baba. Kunya da baƙin ciki sun cika mata ƙirji, ta rasa ta inda za ta fara.

"To, na shiga," in ji Baba, yana tauna gurasa, fuskarsa na fuskantar gari. "Sai ki shafa wa uwarki lafiya."

"To, Baba."

Ya kakkaɓe garin gurasa daga cinyarsa. Sannan ya karkato kansa wajenta, ya rage murya yadda Mama ba za ta ji ba.

"Cikin aladun akwai wata a layi na uku, mai ciki ce, kunnenta ɗaya ya karye a hannuna. Kwana biyu ban yi barci ba. Sun liƙa mata shi?"

Sau dubbai Yanni ta taka kan aladun nan tana zuba bayani, ba ta taɓa sunkuyawa ta dubi layi na uku ba.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Gobe zan duba."