Marigayin Da Ke Gyaran Rediyo

Mai Rediyo ya samu labarin mutuwarsa ne da hantsi, daga bakin wata tsohuwar rediyo da aka kawo masa gyara. Ya gama haɗa wayar da ta tsinke ke nan, ya murɗa, sai ga muryar Autarsa ana hira da ita. Mai gabatarwa ya tambaye ta wa ta yi wa sabuwar waƙarta mai sa kuka. Ta yi shiru, irin shirun da ake koya wa mutum, sannan ta ce mahaifinta ne, ya rasu tun tana ƙarama, ko fuskarsa ba ta gama riƙewa ba.

Ya dubi hannunsa, ga sukurdireba a riƙe. Ya ce a ransa, wannan mamaci da naci yake.

Auta ta daɗe tana waƙa. Duk Asabar gidajen rediyo kan karanto waƙoƙi goma da suka fi tashe, kuma duk Asabar Mai Rediyo kan kasa kunne. Waƙoƙinta kan leƙo ta tara ko ta takwas, su gaishe da mutanen gida, su fice. Har ta yi sabon manaja.

Da yamma suka zo, ita da shi. Motar ma a bayan layi suka baro ta. Manajan ya zauna a kujerar maigida ba a ce ya zauna ba.

"Baba, yanzu ba a sayen murya," in ji shi. "Kowa na da murya, wanda ba shi da ita na'ura ta ba shi. Labari ake saye. A kamfaninmu sai mun ɗinka wa mawaƙiya labari kafin mu ɗinka mata kaya. Wata a titi ta tashi, wata saurayi ya yaudare ta. Maraici kaɗai ya rage ba mai shi."

"To me ya sa ni? Ga uwarta nan."

"Uwa a raye take da amfani, Baba. Ranar karɓar kyauta a hau da ita dandamali ta yi hawaye."

Matarsa ta gyara ɗaurin ɗankwali. Mai Rediyo ya jira Auta ta ce wani abu. Ta ce, "Baba, waƙa ce fa kawai," idonta na kan waya.

Waƙar ta hau ta biyar, ta hau ta biyu, ta ɗare ta ɗaya ta miƙe ƙafa. Duk rediyon da ya farfaɗo da ita, abin da take fara yi shi ne ta yi masa makoki. Wata mata da ta zo karɓar tata ta tsaya a ƙofar shago tana share ido. "Wayyo, da uban nan ya rayu ya ga 'yarsa." Ya ce mata ai yana gani. Ta ce haka ne, Malam, an ce matattu suna gani.

A gida ma bai tsira ba. "Marigayi, a kawo ruwan wanka?" in ji matarsa, tana dariya har da riƙe ciki. Shi ma yakan taya ta, don mutum bai kamata ya ɓata rai a zaman makokinsa ba.

Mutanen layi sun san gaskiya, amma sun ɗauke ta abin nishaɗi, har ranar da mai askin da ke jikin shagonsa ya ɗauke shi a waya yana hamma, ya sa a intanet, ya rubuta: ga marigayin nan, yana gaishe ku. Kafin mako ya zagayo waƙar ta sauko ta uku. Jama'ar da suka yi masa kuka suka fara jin haushin ganinsa da rai.

Manaja ya dawo, wannan karon bai ma zauna ba.

"Baba, abin da sauƙi. Kai ƙanin marigayi ne. Kama ce kawai ta jini. Kai ka riƙe ta bayan rasuwarsa, shi ya sa 'yan layi ke ce maka babanta. Gobe za ka faɗa da bakinka a rediyo."

Mai Rediyo bai dubi manajan ba, Auta ya duba. Abu ɗaya yake so, kuma ba babba ba ne: ta ce a'a, wannan ya yi yawa, ubana ne. Ko da daga baya za a lallashe ta ta janye, shi dai ya ji ta faɗa.

"Baba, sau ɗaya ne," ta ce. "In na faɗo yanzu, ba na sake hawa. Ka san shekarun da na yi a ƙasa."

Ya sani. Shi ya riƙa raka ta gasar waƙa tana yarinya, yana riƙe mata takalmi.

Tun yana saurayi yake buɗe bayan rediyo, bai taɓa shiga cikinta ba sai ranar. Ɗaki ne ƙarami, an liƙe bangonsa da soso, sanyi kamar firji. Aka ɗora masa abin ji a kunne, aka turo masa makirfo. Auta na tsallaken tebur cikin baƙaƙen kaya. Manaja na bayan gilashi ya harɗe hannu. Jar fitila ta kama.

"Masu sauraro, yau muna tare da baffan tauraruwarmu," in ji mai gabatarwa. "Baffa, an yaɗa cewa kai ne mahaifinta."

Ga makirfo, ga duniya na ji. Kalma ɗaya ta isa. Ya ɗaga ido ya dubi 'yarsa ko zai ga kunya, ko roƙo. Ita manaja take kallo.

"Kama ce," in ji Mai Rediyo. "Tun muna yara ake rikita mu. Ni ma wani lokacin ina rikicewa."

"Wane irin mutum ne marigayin?"

"Mai haƙuri. Wasu sukan kira irin haƙurinsa da wani suna."

"Jinya ya yi?"

"Ko ciwon kai. Yana zaune yana aikinsa abin ya same shi. Ba a ko yi shawara da shi ba."

"Haka mutuwa take, Baffa, ba ta shawara," in ji mai gabatarwa.

Auta ta fashe da kuka, mai kyau, daidai bakin makirfo. Aka buɗe layin waya. Mutane suka yi ta bugowa suna ba ta haƙuri, suna tsine wa mai aski, suna yi wa Mai Rediyo ta'aziyyar yayansa. Ya amsa kowace da ladabi. Manaja ya ɗaga masa babban yatsa ta gilashi. Bayan an gama, direban manaja ya sauke shi a bakin titi, ya ce an hana shi shiga layin da mota.

Ranar Asabar yana zaune a tsakar gida wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, muryarta fal murna.

"Baffa! Mun koma ta ɗaya! Ka ji?"

"Na ji. Barka." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Auta, ba kowa a nan. Ni kaɗai ne."

"Na sani. Ni ma ni kaɗai ce. Manaja ya ce in saba tun yanzu, kada wata rana bakina ya suɓuce. Mama na kusa?"

"Tana kicin."

"Ba ta wayar, Baffa. Za mu yi maganar kayan da za ta sa ranar kyauta."

Ya tashi, ya nemi takalminsa, ya kai mata.