Hamdalar Rufa'i a Wasan Karta

Da Kabo ya dawo Kankia daga yaƙin Bama, tsarabarsa ke nan: takalmin soja da kartar Turawa. Duk ranar kasuwa yakan baje ta a gindin tsamiya, ana zuba gyaɗa, yana koya wa abokansa sirrin wasan: kada fuskarka ta tona abin da ke hannunka.

Rufa'i, manomi daga Yashe, ya iya ɗaure fuska kamar alƙali, amma bakinsa ba ya rufa masa asiri. Da kati mai kyau ya zo masa sai ya ce, "Alhamdulillahi," Kabo kuwa ya janye daga zubin yana murmushi.

Rannan ana gama rabo Rufa'i ya yi hamdala har sau uku. Kabo na riƙe da sarakuna biyu, amma ya tsorata ya ajiye. Rufa'i ya kwashe gyaɗar, ya buɗe katinsa: tarkace zalla.

Kabo ya zabura. "Haba Rufa'i! Da sunan Allah za ka yaudare ni?"

Rufa'i ya ɓare gyaɗa ya jefa baki. "Wace yaudara? Jiya malaminmu ya ja mini kunne, ya ce in riƙa godiya ko da abin bai yi daɗi ba."