Turmin Mubina

Shekarata huɗu ina aikin lafiya a wani ƙauye kusa da Wagini, ban taɓa zubar da yawuna a banza ba irin ranar da aka kawo mini Mubina. Shekararta bakwai, kunci ya kumbura kamar ta ɓoye goriba. Na haska bakin da fitilar waya, sai ga rami baƙi ƙirin a turminta na ƙasa.

Uwarta Zuwairatu ce ta rako ta, amma ta toge a bakin ƙofa tana kallon dalbejiya, kai ka ce hanya ce ta haɗa su. Mubina 'yar fari ce. A gidansu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta kuma nuna ta damu da ita a gaban mutane. Na san da haka sarai, amma na ɗauka ciwo ya fi ƙarfin kunya.

"Zuwairatu, matso ki gani. Wannan ba na famfara ba ne, na girma ne, in ya tafi ya tafi ke nan. A kai ta Katsina a cike shi. A rage mata alewa, a riƙa goge mata baki safe da yamma."

"To, Malama," ta ce da dalbejiyar.

"Kin ji ni kuwa?"

"Ai ɗiyar Iya ce."

Na ba ta magani da takarda, suka tafi. Kwana tara shiru. Raina ya ƙi kwanciya, na hau babur na bi su gida.

Iya Talatu, surukar Zuwairatu, na tarar tana yanka alewar madara a faranti, sana'arta ke nan. Muka gaisa har gwiwata ta yi tsami, sannan na kawo maganar Katsina.

"Wace Katsina kuma, ɗiyata? Ni ba wanda ya ce mani komi. Shekaranjiya na kai ta wurin wanzami ya hidda shi, kowa ya huta. Ɗiya tara na raina, wane ne bai famfara ba?"

Haushi ya turnuƙe ni, na rasa wa zan sauke wa. Ta ina Zuwairatu za ta buɗe baki gaban suruka ta yi maganar haƙorin 'yar fari? Ni ce na kai saƙo inda ba ya fita. Ga Mubina can gindin rumbu, hannu a baki, wai kada ƙadangare ya ga gurbin ya hana sabo fitowa. Kakar ta miƙa mata alewa, ta karɓa da ɗaya hannun.

Na yi sallama. Ina shiga zaure na ji takun mutum a bayana. Zuwairatu ce. Ta waiga, ta kwance bakin zaninta, sai ga haƙorin, da saiwoyinsa dogaye.

"Malama," ta ce ƙasa-ƙasa, "da gaske wani ba ya fitowa?"

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so.

"Ba ya fitowa. Kuma na ɗaya gefen ma ya fara ruɓewa."

Idonta ya kawo ruwa. Daga cikin gida Iya ta ƙwala mata kira. Ta ƙulle haƙorin, ta share fuska da gefen mayafi, ta ɗaga murya yadda za a ji ta a tsakar gida.

"To Malama, ki gaida gida."