Kujerar Sista

Shekara ashirin da biyu Sista tana buga wa Bishop wasiƙu a ɗan ofishin da ke jikin nasa, a kan wata kujera da ta lotsa daidai jikinta. Shi yana zagaya tebur yana faɗa, ita tana bugawa, sai ya sa hannu bai karanta ba, don ya tsani tabarau.

To, akwai wani Fada, limamin coci, da aka tura karatu ƙasar waje, wai shekara uku. Ranar da Bishop ya ce in Fada ya dawo shi zai riƙe ofis, Sista ta je ta huta, ranar ta ɗaura ɗamara. Hutu? Ta koma ba fulawa ruwa ke nan? Allah ya kiyaye!

Wa'adi ya cika, Fada shiru.

"Rubuta!" in ji Bishop. "Ka tattara komatsanka ka dawo, ko in aiko a ɗauko ka kamar buhu!"

Sista ta buga: "Ɗana, ka natsu, ka ƙara karatu. Muna yi maka addu'a."

Amsa ta zo: "Baba, kalamanka masu taushi sun sa ni hawaye. Zan ƙara shekara, yadda ka ce."

"Yadda na ce?" Bishop ya daki tebur. "Ina zagin mutum yana godiya! Anya ƙalau yake?"

"'Yan zamani, Baba, sai addu'a," in ji Sista, tana gyara mayafi.

Haka aka yi ta yi har shekara huɗu. Rannan sai Bishop ya rufe ƙofa, ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya ba direba ya kai gidan waya. Mako biyu Sista tana zullumin asirinta zai tonu. Ta manta cewa rubutun Bishop kamar kaza ta yi tono yake, duk duniya ita kaɗai ke iya karanta shi.

Ai kuwa sai ga hoton wasiƙar a wayarta, ga Fada yana kira.

"Sista, don Allah, me Baba ya rubuta? Ko layi ɗaya ban gane ba."

Ta yi murmushi, ta gyara zama. Nama ya kawo kansa. Ta fara karantawa a zuci, tana shirya abin da za ta faɗa.

"Ɗana, na daina faɗa, roƙo nake yi. Likita ya ce 'yan watanni suka rage mini. Ina so in gan ka. Batun ofis ka manta da shi, ba zan iya raba Sista da kujerarta ba. Kada ka gaya mata ciwon, ba za ta ɗauka ba."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta bayan ƙofa tana jin Bishop yana tari.

"Sista? Kina ji na? In ƙara shekara ne?"

"Ya ce ka dawo," in ji ta. "Kada ka jira ƙarshen wata, Fada. Ka taho makon nan."