Kwana Goma Sha Ɗaya

Tchima ba likita ba ce, kuma da bakinta take faɗa, amma matan masallacin Greensboro ba sa ji. Tun da suka samu labarin ana ce mata Dakta, wannan ta kawo mata ciwon gwiwa, waccan ta miƙo mata kwalbar magani. Ita kuwa baiwar Allah a lissafi ta yi digirinta, a kan ambaliyar kogi. Ka zube mata lambobin ruwan sama na shekara talatin, ta gaya maka makon da ruwa zai shiga gidaje a Yamai. To, a Karolina ta Arewa babu wanda ya aike ta kogi. Aljabra take koyarwa a wata kwaleji, aikin zango-zango, yau akwai gobe babu.

Ana nan ta ji labarin wani tallafi da hukumar binciken lafiya ta Amurka ke bai wa irin su, wato masu lissafi da injiniyoyi da ke son komawa binciken cututtuka. Shekara biyar ne cur, ga albashi, ga damar koyon abin da ba a koya maka ba na jikin ɗan Adam. Sharaɗin dai guda ne mai tsauri. Sai wani babban mai bincike ya yarda zai raine ka, ya rubuta wasiƙa, ya sa hannu. In babu wannan sa hannun, ko ka iya lissafin taurari ba wanda zai buɗe dosiyenka, wato takardun neman tallafin. Ranar ɗaya ga Yuni na 2005 ake rufe karɓa.

Wanda ya yarda zai raine ta shi ne Farfesa Josiah, mutumin Kagoro, shekararsa talatin da biyu a Amurka. Yana koyarwa a jami'a, kuma ranar Talata da Alhamis yana duba masu ciwon suga a wani ƙaramin asibiti da baƙi suka fi zuwa. Dattijo ne dogo mai sanƙo, mai fushi da ƙarya da shayi mai sanyi. Matarsa, Mama Yemima, ita ta haɗa su bayan ta ji Tchima tana Hausa a kantin kayan Afirka. Ranar da suka fara zama, ya saurare ta awa guda bai katse ta ba, sannan ya ce, "Ni na san marasa lafiya, ke kin san lambobi. In kin yi haƙuri da jahilcina, zan yi haƙuri da naki." Daga ranar ta koma ce masa Baba.

Ya ba ta bayanan asibitin na shekara shida, an cire sunaye, don ta gina dosiyenta a kai. A kan waɗannan bayanan ne ya taɓa rubuta maƙalar da ta ɗaga sunansa. Ya lura cewa duk ƙarshen shekara sai a yi ta kawo mutanen da sugansu ya faɗi warwas, wasu a sume. Bayaninsa shi ne aikin sito. Kafin Kirsimeti ma'aikatan manyan sitocin da ke kan titin Wendover suna haɗa aikin safe da na yamma, su sha magani ba su ci abinci ba. Bayani ne mai kama hankali, har an gayyace shi taro uku ya faɗe shi.

Tchima ta zuba lambobin a kwamfuta, ta zana su shekara-shekara, kamar yadda take yi wa kogi. Tudun yawan masu faɗuwar sugan na nan a zanen, gaskiyar Baba. Sai dai tudun ba ya tsayawa wuri ɗaya. A 1999 cikin Disamba ya taso. Shekara mai bi ya faro a ƙarshen Nuwamba. A 2004 ya gangaro tsakiyar Oktoba, lokacin da ko fitilar Kirsimeti ba a rataya ba. Ta auna tazarar, ta sake aunawa. Kwana goma sha ɗaya, kwana goma, kwana goma sha ɗaya.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jiran ganin wata ya san wannan lambar.

Ranar Juma'a ta ja Hajiya Kaltouma gefe, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da ta san tana zuwa asibitin. Ta tambaye ta ko tana gaya wa likita in za ta ɗauki azumi.

Hajiya ta dube ta kamar ta ce a zuba gishiri a kunu. "In gaya masa ya hana ni? Ke ma dai. Mutumin kirki ne, ba na son in ɓata masa rai. In ya tambaya sai in ce na manta ban ci ba."

"Maganin fa, Hajiya?"

"Ina sha da sahur, yadda ya ce a sha da safe."

Shi ke nan, magana ta fito fili. Abin da ya rage shi ne wa zai gaya wa Baba. Mijinta Soumaïla, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya a ɗaya daga cikin sitocin da aka ɗora wa laifi, ya ba ta shawarar da yawancinmu za mu bayar. Ya ce, "Ki bari ya sa hannu tukuna. In dosiye ya tafi, kya san yadda za ki yi." Ba mugun mutum ba ne, ya dai ga yadda take dawowa daga kwaleji da jiran ko za a sabunta mata aiki. Amma Tchima ta kasa. Azumi zai sake zuwa a Oktoba, kuma za a sake kwaso su Hajiya a sume. A ɗaya gefen kuma, ita 'yar Damagaram ce. A gidansu ko kwanan wata mahaifinta ya faɗa ba daidai ba, sai dai a kawo masa kalanda a ce ya duba musu wani abu daban. Ta yaya za ta kalli mai furfura, wanda ya ɗauke ta don Allah, ta ce masa maƙalarsa ba daidai ba ce?

Sai ta yi dabarar gida. Ranar Laraba ta shiga ofishinsa da zanen, ta shimfiɗa a kan tebur. Daga jakarta kuma wai takardu suka zubo, cikinsu har da jadawalin watannin azumi na shekara shida da ta karɓo a masallaci. Haka kawai jadawalin ya kwanta dab da zanen, ka ji ikon Allah.

"Baba, akwai abin da ya shige mini duhu. Wannan tudun kamar yana motsi, ko idona ne?"

Farfesa ya gyara tabarau. Ya bi tudun da yatsa, ya dubi jadawalin, ya koma kan tudun.

"Azumi," in ji shi, a hankali.

"Kai, Baba, ashe haka ne? Allah Ya ƙara basira."

Ya ɗago ya yi mata wani irin kallo. Ya ce ta je ta gama rubutun ta aiko masa.

Ta koma gida tana jin kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ka. A shafin da ake so mai nema ya bayyana kansa da abin da ya iya, ta rubuta cewa Farfesa Josiah, da dogon saninsa, ya lura tudun yana bin watan azumi, kuma ita za ta taimaka masa da lissafi. Ranar Alhamis ta aika. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Ta buga waya ofis, ba ya nan. Asabar da Lahadi ko tari bai yi ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ce a ranta ya gane dabarar, ya ji kunya, kunyar ta zama fushi, kuma shekara biyar ɗin nan sun tafi.

Litinin ranar hutu ce. Da hantsi ta tuƙa zuwa gidan Farfesa a Summerfield, ta wuce gonakin dawaki, ta same shi a bayan gida cikin tsohuwar riga, yana cire ciyawa a kunyoyin yakuwa da gauta. Mama Yemima ta kawo mata kujera da ruwa, ta yi mata wani ɗan murmushi na tausayi, ta koma ciki.

Suka gaisa, ta tambayi gajiya, ya tambayi maigida. Sannan ya zaro takardunta daga aljihu, a naɗe, duk ƙasa.

"Ba zan sa hannu a kan wannan ba."

Ta sunkuyar da kai. "Baba, in na yi laifi a yafe mini. Wallahi ba raini ba ne."

"Wa ya ga tudun yana motsi?"

"Ai tare muka..."

"Dakta Tchima, ni dattijon coci ne, ke kuma ba kya wasa da salla. Kada mu yi wa juna ƙarya a gaban yakuwa. Wa ya gani?"

"Ni ce."

"Jadawalin nan, da kansa ya faɗo daga jaka?"

Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Ya zauna a kan wani bokiti da ya kife, ya share zufa. "Kwana huɗun nan ba da ke nake fushi ba. Da kaina nake yi. Na tashi da maƙwabta masu azumi, na ci ƙosan shan ruwansu har ba iyaka. Shekara shida ina duba mutanen nan, ina yi musu Hausa, ina jin daɗi wai sun sake da ni, ashe tsoron gaya mini suke yi. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ciwona ne, ba naki ba." Ya buga takardun a gwiwa. "Mutanen da za su karanta wannan ba ni za su ba tallafi ba. Tambayarsu guda ce, shin matar nan za ta iya tsayawa da ƙafarta bayan shekara biyar? Ke kuma kin ɗauki abu mafi kyau da kika yi, kin sa a aljihuna. Za su ce yarinyar Farfesa ce mai buga masa lambobi, su ajiye dosiyen."

"Baba, a wurinmu ba a..."

"Na san yadda ake yi a wurinmu. Ni ma ban taɓa musa wa ubana ba har ya koma ga Allah. Tarbiyya ce mai kyau, ki riƙe ta a gida. Amma zan kai ki gaban gadon marasa lafiya. In na yi kuskure a can kika tsaya neman jadawalin da za ki zubar, mutum zai mutu kafin in gane. Don haka ki faɗa mini yanzu, da bakinki, kina kallona."

Tchima da ta tsaya gaban farfesoshi biyar ta kare digiri ba ta girgiza ba, yau sai ga jimla ɗaya ta yi mata nauyi. Ya jira, bai taimake ta da ko kalma ɗaya ba. Can ta ɗaga kai, hawaye na zuba.

"Baba, maƙalarka ba daidai ba ce. Ba aikin sito ba ne. Azumi ne, kuma ni na gano."

"Madalla," in ji shi. "Je ki rubuta haka. Kwamfuta na falo, Yemima za ta ba ki tuwo."

Kafin la'asar ta gyara shafin, ya karanta, ya soke mata "da yardar jagorana" har wuri uku, ya sa hannu. Ya miƙa mata tasa wasiƙar a cikin ambulan, ya ce ta haɗa da sauran.

Washegari ta je shagon kwafi a kan Wendover, don sai an haɗa asali da kwafi biyar a aika da masu kai saƙon gaggawa. Ba ta yi niyyar karanta wasiƙar ba. Amma na'ura ta tofo shafin farko fuska sama, idonta ya faɗa a kai.

Da Turanci ya rubuta, ga abin da ya ce. "Maƙalar da aka fi sanina da ita kuskure ce. Na koyar da ita, na kai ta taro, wasunku da ke karanta wannan kun tafa mini. Dakta Tchima ta gano kuskuren cikin mako uku, a cikin lambobin da na yi shekara shida ina kallo. Na riga na rubuta wa mujallar in janye bayanina, kuma gyaran zai fito da sunanta a gaba. Ina roƙon shekara biyar in koya mata abin da na sani na ciwon suga. Ba na tsammanin za ta buƙaci biyar ɗin duka."

A ƙasa ga kwanan wata, Alhamis, ranar da ta aika masa rubutunta. Ashe duk kwanakin da take kwana da fargaba, wasiƙar tana rubuce a kan teburinsa.

Ta tsaya riƙe da takardar. Ta san su wa za su karanta ta, sa'o'insa ne, mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su a taro har ya yi ritaya. Babu wanda ya tilasta masa. Da ya rubuta cewa tana da ƙwazo da ladabi, da ya wadatar. Girmansa ya cika mata zuciya har ta rasa inda za ta sa kanta, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

Matar da ke bayanta a layi ta taɓa kafaɗarta, ta tambaya ko na'urar ce ta lalace. Tchima ta girgiza kai, ta mayar da wasiƙar kan gilashi, ta danna biyar.